Darasi na 9: Sauke Naitiret a Akwatin Kifin Ruwan Gishiri

Teku yana da faɗi, igiyar ruwa tana kwashe ƙazanta ta yi nisa da ita. Akwatin gilashi da ake kiwon kifin teku a ciki ba shi da wannan gata. Duk abin da aka zuba masa yana nan ciki, ko da ido ya daina ganinsa, har ranar da wani ya fitar da shi. A wannan darasi za mu bi diddigin abu ɗaya da ke taruwa a irin wannan ruwa, wato naitiret. Mai kiwon tarwada a tankin siminti ko na roba zai ga cewa ya riga ya san rabin maganar a aikace, domin ƙazantar kifi hanyarta ɗaya ce, a ruwan daɗi ko a ruwan gishiri.

Daga abinci zuwa naitiret

Abincin kifi cike yake da furotin, kuma kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyin furotin naitirojin ne. Idan kifi ya ci, jikinsa yakan riƙe wani abu don girma, ya fitar da sauran. Mafi yawansa ba ta kashi yake fita ba. Ta gaɓoɓin numfashi da ke gefen kan kifi yake fita, ya shiga ruwa a matsayin amoniya. Ragowar abincin da ya nutse, da kashin kifi, da ƙaramar halittar da ta mutu a bayan dutse ba a sani ba, duk idan sun ruɓe amoniya suke bayarwa.

Amoniya guba ce, kuma a ruwan teku ta fi cutarwa, domin ma'aunin pH na wannan ruwa yana tsakanin 8.1 da 8.3, kuma hawan wannan ma'auni da hawan zafi suna ƙara yawan nau'in amoniyar da ke ratsa jikin kifi. Abin da ke ceton kifin shi ne ƙwayoyin bakteriya masu manne a jikin dutse da yashi da soson mataci. Rukuni ɗaya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirait. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira da Nitrobacter, su mayar da naitirait naitiret. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi ya yi nazarinsu, wajajen 1890. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin, shi ya sa ba a cika shi da kifi a makon farko.

Kada a haɗa naitirait da naitiret wajen sayen kayan gwaji. Naitirait shi ne na tsakiya, mai lalata jinin kifin ruwan daɗi har ya koma ruwan ƙasa, kuma gishirin da masu tarwada kan barbaɗa a tanki yana rage wannan illa. A ruwan teku gishirin yana nan dama, saboda haka ba shi ne babbar damuwa ba. Naitiret shi ne na ƙarshe. Rukunoni biyun da muka ambata suna aiki ne da iskar oksijin, kuma da zarar sun kai ga naitiret sun gama nasu. A nan yake tsayawa, yana taruwa kullum.

Mu auna abin da lissafi. Giram ɗaya na busasshen abinci mai furotin kashi 50 cikin ɗari yana ɗauke da naitirojin kusan miligiram 80. Idan naitirojin ya koma naitiret nauyinsa yakan ninka sau huɗu da ɗoriya (4.4), saboda oksijin ɗin da ya haɗu da shi. Ke nan in duka ya juye, giram ɗayan nan zai ba da kusan miligiram 350. A akwati mai lita 200, wannan ya kusa miligiram biyu a kowace lita, daga abincin yini guda, abincin da bai cika ƙaramin cokali ba.

Nawa ne ya yi yawa

A inda murjani ke rayuwa a teku, naitiret ba ya kaiwa ko miligiram ɗaya a lita. Kifi yana iya jure fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma masu akwatin kifi zalla sukan yi ƙoƙarin kada ya wuce 20, ko da yake kifaye da yawa suna rayuwa a 40. Akwatin da ke da murjani mai rai kuwa an fi so a riƙe shi tsakanin 1 da 10.

Murjani dabba ce, kuma jan murjanin da ake yin tsakiya da shi ƙashin wani nau'insa ne da ake samu a Bahar Rum. Yawancin waɗanda ake kiwo a akwati suna ɗauke da wata ƙanƙanuwar gansakuka a cikin tsokarsu, wadda ke haɗa musu abinci da haske. Idan naitiret ya yi yawa sai wannan gansakuka ta hayayyafa fiye da kima, launin murjani ya dushe ya koma ruwan ƙasa, girmansa ya ja baya. A waje kuma wata gansakukar, kore mai kama da gashi, ta lulluɓe dutse da gilashi, domin naitiret taki ne a gare ta, naitirojin ɗin nan dai da manomi ke saye a buhu.

An ga wannan a teku ma. A mashigin Kaneohe da ke tsibirin Oahu na Hawai, an yi shekaru ana sakin ruwan najasa, har wata koriyar gansakuka ta danne murjanin wurin. Da aka karkatar da ruwan najasar a 1977 da 1978, gansakukar ta ja da baya, murjani ya fara farfaɗowa.

Sai dai ba sifili ake nema ba. Sababbin shiga da yawa suna ɗauka cewa in gwaji ya nuna babu naitiret ko kaɗan an ci nasara. Murjani ma yana buƙatar naitirojin, kuma idan aka tatse ruwa ƙarƙaf sai ya yi fari fat, ya rame. Sau da yawa a irin wannan ruwan ne wani yauƙi mai ruwan ƙasa yake mamaye yashi, kuma korarsa ta fi sauke naitiret wuya.

Ruwa mai naitiret 5 da mai 50 duk garau suke a ido, sai an gwada. Ana ɗiban ruwa a ƙaramar kwalba daidai layin da aka shata, a zuba sinadaran gwaji bisa tsarin da aka rubuta, a girgiza, a jira mintunan da aka ce, sannan a kara kwalbar a jikin katin launi, a hasken rana, a kan farar takarda. Gajarta girgiza ko jira yana sa sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. A duba kwalin kuma: wasu kayan gwaji suna ƙirga naitiret gaba ɗaya, wasu naitirojin ɗin cikinsa kaɗai, kuma 10 a na biyun daidai yake da 44 a na farkon. A riƙa gwadawa sau ɗaya a mako, rana ɗaya, a rubuta a littafi. Lamba guda ba ta faɗin komai sosai. Jerin lambobin mako shida shi ke nuna ko hawa ake yi ko sauka.

Hannun mai ba da abinci

Naitiret tamkar lissafin shago ne, akwai shiga akwai fita, kuma abin da gwaji ke nunawa shi ne ragowa. Kusan duk shigar ta hannun mai kiwo take biyowa. Shi ya sa kafin a yi maganar sayen kowace na'ura, sai a fara duba hannun.

A ba kifi abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu, kaɗan-kaɗan, ana tsaye ana kallo. In abinci yana kaiwa ƙasa ba a ci ba, ya yi yawa. Daskararren abinci, kamar ƙananan jatan lande, a narkar da shi a kofi, a tace a zubar da ruwan, a ba da tsaban kaɗai. A gida mai yara da baƙi, a ajiye gwangwanin abinci inda hannu ba ya kai, mutum ɗaya ya riƙa bayarwa. Kifi zai taso bakin gilashi duk lokacin da ya ga mutum, kuma wannan ba shaidar yunwa ba ce.

Amma kada a hana kifi abinci don a ga lamba ta sauka. Wannan zalunci ne ga dabbar da aka tsare, kuma kifin da ya rame shi cuta ke fara kamawa. Idan abincin da ya wadatar da kifayen yana sa naitiret hawa fiye da yadda za a iya saukewa, to kifayen ne suka yi wa akwatin yawa, sai a rage su.

Sai tarkacen da ke maƙalewa. Soso da jakar tacewa suna kama datti, amma dattin da aka kama aka bari a cikin ruwa yana ci gaba da ruɓewa. A cire jakar kowane kwana biyu ko uku a wanke. Wanda ya taɓa sa tiyo a ƙarƙashin dutse ya ga abin da ke fitowa: wata ƙura mai toka-toka, laushi kamar gari, tana murɗawa a cikin tiyon har ruwan bokiti ya yi duhu. Wannan naitiret ɗin mako mai zuwa ne aka fitar tun bai zama ba. A saita injin tura ruwa yadda babu lungun da ruwa ke kwanciya.

Canjin ruwa da lissafinsa

Hanya mafi tabbas ita ce a kwashe wani kaso na tsohon ruwa a zuba sabo. In aka canza kashi 20 cikin ɗari, naitiret ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, ba ƙari. Akwati mai lita 200 da ke kan 40, aka canza lita 40, zai dawo 32. A sake, ya dawo kusan 26. Wanda ya yi tsammanin canji ɗaya zai share matsalar zai ji kamar aikin banza ya yi, alhali lissafin ke nan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda lambar za ta tsaya bayan watanni. A ce akwati yana ƙara 5 kowane mako, ana kuma canza kashi 10 cikin ɗari kowane mako. Naitiret zai yi ta hawa har ya kai inda kashi goman da ake cirewa ya yi daidai da biyar ɗin da ke shigowa, wato 50 kafin canji, 45 bayan canji. A nan zai zauna, komai naci. In aka ninka canjin ya zama kashi 20, zai zauna a 25 da 20. To, a bar canjin a kashi 10, amma a gyara ba da abinci da tsafta har ƙarin mako ya sauko daga 5 zuwa 2: zai zauna a 20 da 18. Ke nan gyaran hannu ya fi ninka canjin ruwa amfani, kuma bai ci ko sisi ba. Canjin lita 40 kuwa yana cin gishiri kusan kilo ɗaya da rabi, domin ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 a kowace lita. Ba gishirin miya ake nufi ba. Haɗi ne na musamman mai kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran ruwan teku, kuma yana da tsada.

Sabon ruwa a haɗa shi tun jiya, a bar inji yana juya shi, a tabbatar gishirinsa da zafinsa sun yi daidai da na akwati: nauyin ruwa 1.025 ko 1.026 a ma'auni, zafi tsakanin digiri 24 da 27.

Tsohon ruwan tankin tarwada taki ne, ana ban ruwan lambu da shi. Na akwatin teku kuwa gishiri ne, zai kashe shuka ya ɓata ƙasa. Kada a zuba shi a gindin itace.

Ruwan da ake haɗawa da shi

Wani lokaci naitiret ta cikin jarka yake shigowa. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa takin zamani takan ɗauki naitiret, ruwan famfo ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ruwan sha a miligiram 50 a lita, ke nan ruwan da ya halatta mutum ya sha yana iya ninka abin da murjani ke so sau biyar. In sabon ruwan yana da 20, canjin kashi 20 zai sauke 40 zuwa 36 ne kawai, kuma ba za a taɓa yin ƙasa da 20 ba.

Ga kuma tururi. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri da naitiret su zauna. Shi ya sa ake cike gurbin da ruwan daɗi, ba ruwan gishiri ba. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, akwati kan sha cikon kowace rana, kuma in ruwan cikon yana da naitiret, kullum ƙara shi ake yi. Maganin shi ne ruwan da ya bi ta na'urar tacewa ta RO, irin wadda masu ruwan leda da yawa ke aiki da ita, an fi so a ƙara masa matacin DI a ƙarshe. A gwada ruwan haɗi kamar yadda ake gwada na akwati.

Masu taimako a cikin akwati

Injin kumfa yana hura ƙananan ƙwayoyin iska cikin ruwa a wani bututu. Narkakken datti yana manne wa kumfar, ta taso da shi ta zube a kofin da ke sama. Bayan kwana biyu za a tarar da wani ruwa mai kauri, launin shayi mai duhu, mai wari, da dauɗa manne a wuyan kofin. Injin ba ya cire naitiret da ya riga ya samu, yana cire abin da zai zama naitiret ne. A ruwan gishiri yake aiki sosai, don a nan kumfa take ƙanana kuma take daɗewa. A riƙa goge wuyan kofin, in ya yi dauɗa kumfa ba ta hawa.

Akwai kuma wasu bakteriya da ke zaune inda oksijin ya yi ƙaranci, a can cikin ramukan dutse mai huhu-huhu ko ƙarƙashin yashi mai zurfi. Su da naitiret suke numfashi, su mayar da shi iskar naitirojin ta fice sama, ta haɗu da wadda dama ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Tsarin da masu kiwo na birnin Berlin suka yaɗa a shekarun 1970 ya dogara ne a kan irin wannan dutse da injin kumfa da haske mai ƙarfi, kuma har yau shi ne ginshiƙin yawancin akwatunan murjani. Masu son yashi sukan shimfiɗa santimita 10 zuwa 15. Irin wannan yashi ba a tona shi, domin a ƙasansa iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kan taru, kuma guba ce ga kifi.

Hanyar da na fi ba sabon mai kiwo shawara a kai ita ce ciyawar teku. Ana ware ƙaramin tanki a ƙasa ko a gefe, ruwan akwati yana bi ta cikinsa, a sa ciyawar Chaetomorpha, mai kama da curin koren zare, a kunna mata fitila. Tana shan naitiret da fosfet tana girma. Duk mako biyu a yage rabi a fitar, kuma wannan fitarwa ita ce aikin, don ciyawar da aka bari ta ruɓe a ciki ta mayar da duk abin da ta sha. Da yawa sukan kunna fitilarta da dare, lokacin da ta babban akwati ke kashe, don pH ya daidaita. Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Amurka ya gina irin wannan tunani tun ƙarshen shekarun 1970, inda ya riƙa noman gansakuka a kan raga yana kankarewa. Abin da aka yage a busar a jefa a shara, kada ya kai teku. Ciyawar Caulerpa taxifolia, wadda ake kiwo a akwatuna, an gan ta a teku kusa da Monako a 1984, daga nan ta bazu a gaɓar ƙasashe da dama na Bahar Rum tana danne ciyawar asali.

Hanya ta ƙarshe sai wanda ya ƙware. Ana ɗiga ruwan khal kaɗan kullum, bakteriya su samu kabon su hayayyafa, su cinye naitiret da fosfet, injin kumfa ya kwashe su. Ba a yin ta sai da injin kumfa mai kyau, kuma da ɗan kaɗan ake farawa. In aka zarce, ruwa zai yi fari kamar an zuba madara, oksijin ya faɗi. Inda ake yawan ɗauke wuta haɗarin ya ninka, domin injuna na tsayawa bakteriyar za su shanye iskar da ta rage cikin 'yan sa'o'i. Duk mai akwati a irin wannan wuri ya tanadi ƙaramin injin iska mai batir.

Ciyawa da bakteriya duka suna buƙatar fosfet kafin su ci naitiret. Wani masani, Alfred Redfield, ya nuna cewa ƙananan halittun teku suna ɗauke da naitirojin da fosfaras, wato sinadarin da ke cikin fosfet, a kan kusan 16 da 1. Saboda haka in naitiret ya ƙi sauka, ciyawa ta ƙi girma, a gwada fosfet, wataƙila shi ne ya ƙare.

Akwatin da ya riga ya kai 80 ko 100 ba a sauke shi rana ɗaya. Halittun ciki sun saba da ruwan a hankali, kuma canji mai yawa farat ɗaya yana iya yi musu illar da naitiret ɗin bai yi ba. A nemo tushen tukuna: mataccen kifi ko dodon koɗi a bayan dutse, soson da aka manta, ruwan haɗi. Sannan a riƙa canza kashi 15 zuwa 20 kowane 'yan kwanaki, gyara ɗaya a lokaci guda, ana gwadawa ana rubutawa, don a san wanne ne ya yi aiki.

Aiki

1. Akwati mai lita 300 yana kan naitiret 60. An canza lita 60 da ruwan da ba shi da naitiret. Nawa zai dawo? In kuma sabon ruwan yana da 15 fa?

2. Wani akwati yana ƙara 3 kowane mako, ana canza kashi 15 cikin ɗari kowane mako. A wace lamba zai tsaya kafin canji?

3. Wata mai kiwo ta ce gwajinta yana nuna sifili, amma koriyar gansakuka ta cika dutsenta. Ku tattauna a rukuni: ina naitiret ɗin yake tafiya, kuma me ya kamata ta fara dubawa?

4. Ku kawo ruwa daga wurare uku na unguwarku, rijiya da burtsatse da famfo, a kwalabe masu tsabta. Za mu gwada naitiret ɗinsu a aji, kowa ya rubuta sakamakon da nisan wurin daga masai ko gona.